Babansu ya ƙwace littattafan zanen ɗanmu, yaron ya daina magana: ku ba ni shawara

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta na mutane, yau ni ce da damuwa. Babban ɗana shekararsa 16, yana SS2 ajin kimiyya. Tun yana firamare takarda ba ta hutawa a hannunsa. Bayan kalanda, kwalin sabulu, murfin littafin ƙannensa, duk sai ya zane su. Motoci yake zanawa da gidaje da gadoji. Akwai ranar da muka wuce ta gadar Ƙofar Nassarawa a adaidaita sahu, muna isowa gida ko takalmi bai cire ba ya zauna a dakalin tsakar gida ya fitar da ita a takarda, har da fitilun kan titi da inuwar da take yi wa masu talla a ƙasa. Ni da ban san komai a zane ba sai da na riƙe baki.

To zangon da ya wuce sakamakonsa ya fito, Kemistiri ya faɗo zuwa 41. Lissafi da Fiziks suna nan da kyau. Babansu bai yi faɗa ba, bai ɗaga hannu ba, shiga ɗakin kawai ya yi ya tattara littattafan zanen guda bakwai da fensiran, ya zuba a buhu ya tafi da su shago. Ya ce shi likita yake biya wa kuɗin makaranta, ba mai fenti ba. Yaron bai ce uffan ba. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Zai zauna da littafin Kemistiri a buɗe, in leƙa bayan awa guda in tarar shafin da na bari shi ne dai. Abinci sai na tsaya a kansa. Don Allah masu 'ya'ya manya da malamai, me zan yi?

Baban Khairat:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ɗaya ce, maigidanki bai yi laifi ba. SS2 ba wurin wasa ba ne, daga nan sai WAEC da NECO da JAMB, duka a shekara guda. Mai neman likitanci darussa huɗu zai rubuta a JAMB, Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, jimillar makin jarrabawar 400 ne, kuma kowa ya san yadda ake turereniya a kan gurbin nan. Wanda ya shiga da raunin Kemistiri ya riga ya karye tun daga gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zanen ba guduwa zai yi ba, in ya samu jami'a sai ya yi ta yi. Fushin kwana goma ba ya kashe yaro, amma shekara uku yana zaune a gida yana maimaita JAMB tana kashe zuciya. Na gani a kan ɗan yayana.

Umman 'Yan Biyu:
Allah sarki yaro. Wallahi ina karantawa idona ya ciko. Zan dawo in yi magana, bari in sauke tukunya.

Malama Mai Alli:
Maman Abba, shekarata 19 ina koyarwa a sakandare, kuma abin da na fara lura da shi a rubutunki shi ne kin ce Lissafi da Fiziks suna nan da kyau. In zane ne ya cinye masa lokaci, me ya sa darasi ɗaya kaɗai ya ci? Ai da duka za su zube tare. Kafin a ɗora wa fensir laifi, a je makarantar a tambaya. An canza malamin Kemistiri ne? Akwai malamin ma kuwa? Sun shiga ɗakin gwaje-gwaje ko sau ɗaya a zangon? A SS2 ne darasin nan yake yin nauyi, lissafin sinadarai ya shigo, yaron da aka bari a baya a mako biyu na farko sai ya yi ta bin aji a makance har ƙarshen shekara, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Sannan abin da ke ci mini rai, mu da kanmu muka kashe waɗannan abubuwa a makarantu. Lokacin da nake ɗaliba akwai yammacin da aka ware wa ƙungiyoyi. Masu muhawara suna can, 'yan jaridar makaranta suna rubuta labarai su karanta a taron safe, 'yan JETS, ƙungiyar ɗalibai masu ƙere-ƙere, suna haɗa fanka da batir da ƙaramar mota, 'yan wasan kwaikwayo suna gwaji, 'yan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, suna shirin musabaƙa. A nan malami yake gane wane ne wane. Yanzu an tashi ƙarfe biyu, lesin zuwa huɗu, Islamiyya zuwa shida, a dawo gida ga aikin gida. Yaron da Allah Ya ba wata baiwa ba shi da wurin da zai kai ta sai bayan kwalin sabulu.

Baban Khairat:
Malama, ina girmama ki, amma zamaninku yara nawa ne a aji? Yanzu kowa nema yake, gurbi kaɗan. Ba don mugunta aka kawo lesin ba.

Malama Mai Alli:
Alhaji ban ce mugunta ba ce. Na ce mun ƙara awoyi amma yaran ba su ƙara fahimta ba, ni nake duba takardunsu.

Injiniya Ɗan Sakkwato:
Hajiya, ki nemi labarin Jelani Aliyu ki ba maigidanki ya karanta da kansa. Ɗan Sakkwato ne, kuma tun yana yaro motoci yake zanawa, kamar dai naki. Ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, daga baya gwamnatin jiha ta ɗauki nauyinsa zuwa Amurka, birnin Ditiroyit, inda ya karanci zanen motoci. Kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka fara nunawa a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta ƙasa. Da a SS2 an zuba littattafansa a buhu an kai shago, wa zai san shi?

Ni kaina injiniyan gine-gine ne. Abin da ɗanki ya yi da gadar nan, ya gan ta sau ɗaya ya riƙe tsayinta da lanƙwasarta da inda inuwa ta faɗi, shi ne abin da muke shan wuyar koya wa yaran da suke zuwa mana sanin makamar aiki. Wasu sun haddace littafi tsaf, ka miƙa musu taswirar gini su kasa ganin ginin a kansu.

Baban Khairat:
Injiniya, Jelani guda nawa ne a Arewa? Ɗaya. Masu zanen da nake gani a bakin titi suna rubuta allon shago da lambar mota nawa ne? Kada mu ɗauki wanda ya dace mu yaudari yaro da shi.

Injiniya Ɗan Sakkwato:
Wannan gaskiya ne, ban ce zai zama Jelani ba. Amma ba hanya biyu ce kawai ba, ko likita ko bakin titi. Karatun zanen gine-gine Lissafi da Fiziks yake nema tun daga JAMB, kuma su ne yaron ya fi ƙarfi a kai. Yana ajin kimiyya, bai bar layi ba. Akwai ma darasin zanen fasaha da 'yan kimiyya suke rubutawa a WAEC. A bincika ko makarantarsu tana yi, in ba ta yi a nema masa mai koya masa. Kuma Kemistirin dole ya gyara shi ko me zai karanta, wannan ina tare da kai.

Mai Ɗinkin Hannu:
Alhaji Baban Khairat, ka yi haƙuri, maganar bakin titin nan ta ɗan sosa mini rai. Ni ɗinkin babbar riga na gada. Kafin allura ta taɓa shadda sai mai zane ya zauna ya fitar da aska takwas ko aska biyu a jikin yadin, kuma in hannunsa ya karkace aikin wata uku ya lalace. Mutum ɗaya muke kai wa a unguwarmu, layi ake bi, da zanen ya aurar da 'ya'yansa ya je Makka. Rigar da manya suke sawa ranar sallah daga fensirinsa ta fara. Ku dubi zanen da ke jikin tsofaffin gidajen Kano da Zariya, ku dubi zayyanar allon sauka. Masallacin Juma'a na Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a shekarun 1830, har yau masu karatun gini suna zuwa kallon bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin. Yaushe zane ya zama baƙo a ƙasar Hausa har muke jin kunyarsa?

Baban Khairat:
Allah Ya huci zuciyarka Malam, ban yi nufin raina sana'ar kowa ba. Tsoron talauci nake ji wa yaro.

Abu Sumayya:
Akwai gefen da ba a taɓa ba, kuma wataƙila shi ne a ran maigidan bai faɗa ba. Zanen abu mai rai akwai hadisai masu tsanani a kansa. A Bukhari da Muslim wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara musu yarda, ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sannan ya ce masa in dole sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke kan takarda, wasu malaman kuma ba su bambanta ba. Hajiya, yana zana mutane?

Maman Abba:
Malam, galibi motoci ne da gine-gine da bishiyoyi. Ya taɓa zana kakarsa sau ɗaya tana tsince shinkafa, malaminsu na Islamiyya ya yi masa magana, tun daga nan in zai sa mutane a zane sai ya yi su daga nesa ba fuska. Babansu bai taɓa kawo maganar addini a kai ba, shi dai likita.

Abu Sumayya:
To alhamdu lillahi, yaro mai jin magana ne. Ta wannan gefen ban ga abin hanawa ba. Allah Ya yi masa albarka.

Umman 'Yan Biyu:
Na dawo. Maman Abba, ni ce ɗanki shekara ashirin da suka wuce. Ina SS1 na cika littafi mai shafi tamanin guda uku da labari. 'Yan ajinmu layi suke bi, kowa ta kwana da shi ta kawo da safe, har a gefen shafi suke rubuta mini "don Allah kar ki kashe ta". Wata malama ta kama littafin a ƙarƙashin tebur, ta aika gida cewa ina rubuta soyayya. Ko buɗewa ba a yi ba. Labarin wata marainiya ne da kishiyar uwa. A murhu aka sa su ina tsaye, ina kallon murfin yana nannaɗewa.

Ban yi rashin kunya ba, ban kuma ƙara maki ko ɗaya a jarrabawa ba. Abin da ya canza shi ne na daina nuna wa kowa a gidanmu abin da ke raina. Mahaifina mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, ya yi ne don yana ganin gata yake mini. Amma har ya rasu ba mu taɓa zama mun yi hira ta minti goma ba, kuma daga ranar nan abin ya fara. Shirun da ɗanki yake yi na san shi. Ba taurin kai ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici, a makarantar da aka kama ni ana karanta mana Ruwan Bagaja. Abubakar Imam yana saurayi ɗan shekara 22, yana koyarwa a Katsina, ya rubuta shi don gasar 1933. A gasar nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigar da Shaihu Umar, kuma rubuta labari bai hana shi zama Firayim Minista ba. Duk shekara in BBC Hausa ta buɗe gasar gajerun labarai ta Hikayata, tun da aka fara ta a 2016, sai in ɗauki biro in ajiye. Hannun ya mutu.

Malama Mai Alli:
Umman 'Yan Biyu, hannu ba ya mutuwa, sanyi yake yi. Ki rubuta ko shafi ɗaya ki turo mini, ni zan karanta.

Ɗalibar Samaru:
Anti, ni ina karatu a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samarun Zariya, ɓangaren zane-zanen masana'antu, to bari in faɗi daɗin da wuyar. Zariya tana da tarihi a wannan fanni. Tun 1958, kafin ma a kafa jami'ar a 1962, ɗaliban kwalejin da ke nan irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, kuma su ne suka zama manyan fannin a ƙasar nan. Ki duba sunayen, yawancinsu daga Kudu suka zo har ƙofar gidanmu suka ɗauki ilimin. Ki juya naira ashirin kuma, matar da ke gina tukunya a baya Ladi Kwali ce, ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Wuyar kuma, kayan aiki da tsada, kusan kowane mako sai ka sayi takarda ko fenti, ga kwana a ɗakin aiki. Kuma ba wanda zai kira ka ya ba ka kujera ranar da ka gama. Waɗanda suke samun aiki su ne waɗanda suka haɗa hannu da kwamfuta, kuma suke da tarin ayyukan da za su nuna. Shi ya sa littattafan nan bakwai suke da daraja. Don Allah ko me za a yi kar a bari ruwa ko gara su taɓa su a shago.

Kawun Yara:
Ni tsorona waya. Yau zane, gobe ya buɗe shafi a TikTok yana neman mabiya, karatu ya tafi gaba ɗaya.

Maman Abba:
Kawu ba shi da waya. Tawa yake ara ya duba hoton mota, ina zaune.

Hajiya Babba:
'Yata, duk na karanta. Kowa ya yi magana a kan yaro, ni a kan mijinki zan yi. Kada ki kai masa wayar nan ki ce ga abin da mutane suka ce, zai ji kin kai ƙararsa duniya, kuma ko ya so saukowa ba zai sauko ba. Kada kuma ki nuna wa yaron kina bayansa a kan ubansa. Mutumin da yake tsayuwa a shago tun safe har magariba yana biyan kuɗin makaranta, in ya ce likita, ba girman kai ba ne, so yake ɗansa ya huta da wuyar da shi ya sha. Ki fara yaba masa wannan. Sannan ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko mahaifiyarsa in tana raye. Kada a ce masa ya yi kuskure. A roƙe shi abu ɗaya, ya buɗe littattafan ya duba kafin ya yanke hukunci. Na tabbata bai taɓa zama ya kalle su ba. Ke kuma ki je makarantar kamar yadda Malama ta ce.

Baban Khairat:
Maganar Hajiya Babba ita ce magana. Ni dai in za a mayar masa, a sa sharaɗi. Kar a sake shi sakaka.

Injiniya Ɗan Sakkwato:
Na yarda da sharaɗi, amma kar a ce sai ya ci kaza za a ba shi. In aka mai da zanen lada, duk ranar da ya faɗi jarrabawa an sake yanke masa hannu ke nan. A ba shi lokacinsa sananne, karatu ma da nasa.

Maman Abba:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani, kwana shida ke nan, ku yi haƙuri da shiruna. Na je makarantar. Malama kin yi gaskiya, malamin Kemistirinsu ya bar aiki tun farkon zangon, kusan mako biyar ba su da kowa, daga baya aka kawo wani ya yi ta gudu da su don ya ƙure manhaja. Fiye da rabin ajin ne suka faɗi. Yaron bai taɓa faɗa mana ba, wai kar a ce yana kawo uzuri.

Na bi shawarar Hajiya Babba na je wajen yayan babansu. Ranar Juma'a bayan an sauko ya biya shagon, ya ce a ɗauko buhun. Shi ya ba ni labari. Ya ce suna buɗewa suna wucewa, mota, mota, gada, masallaci, sai suka zo kan wani shafi babansu ya dafe shi. Shagon ne. Yaron ya zana shi tun daga bakin ƙofa, kantocin da jerin gwangwanaye, sikelin da ke kan tebur, tsagewar da ke bangon hagu, buta da darduma a lungu, da kujerar robar da aka ɗaure ƙafarta da waya. A ƙasa ya sake zana shagon yadda yake so ya koma, ya faɗaɗa ƙofar, ya fitar da taga ta gefen da babansu kullum yake kukan zafi. Yaya ya ce babansu ya daɗe bai ɗago ba.

Daren nan ya shigo da buhun ya kira shi. Ya ce Asabar da Lahadi bayan la'asar nasa ne, ya zana abin da ya ga dama, sauran kwanaki karatu, kuma an samo wani ɗalibin jami'a a layinmu zai riƙa yi masa Kemistiri sau uku a mako. Maganar likita bai janye ba, ya ce in an shiga SS3 za a zauna. Injiniya, na faɗa wa yayan maganar zanen gine-gine, ya ce a bar masa wannan a hannunsa.

Baban Khairat:
Masha Allah. Ina nan a kan cewa a riƙe Kemistirin da kyau, mako biyar ba ƙaramin giɓi ba ne. Ina da littattafan tambayoyin WAEC na baya da 'yata ta gama da su, ki turo a karɓa.

Ɗalibar Samaru:
Anti in an yi hutu ku kawo shi Samaru ya ga ɗakunan aikinmu da na masu zanen gine-gine, zan zagaya da shi. Kuma a saya masa takardar zane ta gaske da fensir 2B da 4B, ya huta da kwali.

Umman 'Yan Biyu:
Alhamdu lillahi. Ya fara cin abinci? Malama, na turo miki shafi biyu, ki duba saƙonki.

Maman Abba:
Ya ci, har ya nemi ƙari. Alhaji na gode, zan aiko ƙaninsa gobe in sha Allahu. Ɗalibar Samaru, na rubuta sunan fensiran. Da ya ƙirga littattafan sai ya ga shida ne, ya zo yana tambayata a hankali ko ɗaya ya faɗi a hanya. Na tambayi yaron shagon, ya ce littafin da zanen shagon ke ciki yana aljihun teburin babansu, kuma jiya ya ga ya fito da shi yana nuna wa wani magini wajen tagar.